Samfuri Ɗaya, Rahoto Biyu: Yadda Baƙin Ƙarfe da Magnesiyam Suka Ɓace a Binciken Rukunan Katayon

Gishirin ƙarafa uku kawai aka narkar a cikin kwalbar: dalma, baƙin ƙarfe da magnesiyam, dukkansu naitiret, kowanne kimanin mol 0.05 a lita, da ɗan asid naitirik don kada baƙin ƙarfen ya kwanta tun ba a fara aiki ba. An raba ruwan gida biyu aka ba ɗalibai biyu 'yan shekarar farko a jami'a, mace da namiji, kowa da teburinsa, aka ce su gano ƙarafan da ke ciki, wato katayon, ƙwayoyin ƙarfe masu caji da ke narke a ruwa, ta hanyar rarraba su rukuni-rukuni.

Rahoton ɗalibar ya ce dalma, jan ƙarfe, nikel da magnesiyam. Na ɗalibin ya ce dalma da baƙin ƙarfe, ya ja layi. Ita ta ƙara ƙarafa biyu da babu su, ta kuma rasa ɗaya. Shi bai ƙara komai ba, amma ya rasa ɗaya. Babu ragon ɗalibi a cikinsu, kuma littafin aikin kowannensu ya nuna sun lura da abin da ya faru a kwalabensu da kyau. Ƙa'idar ɗakin gwajin ita ce a ajiye ragowar kowace laka, wato abin da ya kwanta a gindin kwalba, da kowane tataccen ruwa a kwalba mai murfi da lamba har sai an duba rahoto. Wannan ƙa'ida ce ta ba ni, a matsayina na malaminsu, damar bin sawun aikin da yammacin ranar.

Tsarin da suka bi

Hanyar tsohuwa ce. Heinrich Rose na Jamus ya tsara amfani da iskar haidirojin salfayid (H₂S) wajen raba ƙarafa a littafinsa na 1829, sai Carl Remigius Fresenius ya fitar da jagoransa a 1841, wanda jerin rukunan da ake koyarwa har yau ya samo asali daga gare shi. Hikimarta ita ce a riƙa zuba sinadari ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kwantar da wasu ƙarafa ya bar saura a ruwa, a tace, a ci gaba da tataccen ruwan.

Ruwan asid haidirokulorik (HCl) mai sauƙi shi ke fitar da rukuni na ɗaya: azurfa, dalma da zaiba mai caji ɗaya, dukkansu farar laka. H₂S a cikin ruwa mai asid yana fitar da na biyu: jan ƙarfe, kadmiyam, bismut, zaiba mai caji biyu, kuza, antimoni, asinik, da ragowar dalma. Amoniya tare da amoniyam kulorayid suna fitar da na uku: baƙin ƙarfe, alminiyam da kuromiyam. H₂S a karo na biyu, yanzu cikin ruwan amoniya, yana fitar da na huɗu: tutiya, manganis, nikel da kobal. Amoniyam kabonet yana fitar da na biyar: bariyam, sitirontiyam da kalsiyam. Abin da ya ƙi kwanciya har ƙarshe, wato magnesiyam, sodiyam da fotasiyam, shi ne na shida. Wasu littattafan suna haɗe na uku da na huɗu su ƙidaya rukuni biyar, amma aikin ɗaya ne.

Abin da ɗalibi kan rasa gani a wannan jeri shi ne, sinadari ɗaya, H₂S, ya bayyana sau biyu yana fitar da ƙarafa daban-daban. Ke nan ba sinadarin ne kaɗai ke yanke hukunci ba, yanayin ruwan ne. A cikin asid, idan aka rage ayon ɗin haidirojin sau goma, yawan ayon ɗin salfayid yana ƙaruwa sau ɗari. A asid mai ƙarfin mol 0.3 a lita salfayid ɗin ɗan mitsitsi ne, bai isa ya kwantar da komai ba sai ƙarafan da salfayid ɗinsu kusan ba ya narkewa, irin su na jan ƙarfe (CuS) mai ma'aunin narkewa kusan 10⁻³⁶ da na dalma (PbS) mai kusan 10⁻²⁸; gwargwadon ƙanƙantar wannan ma'auni, gwargwadon wuyar narkewar abu. Na baƙin ƙarfe (FeS) kuwa, mai kusan 10⁻¹⁸, sai an kai ruwan amoniya yake kwanciya. Rukuni ba tambari ba ne da aka buga wa ƙarfe, wuri ne da zai sauka idan an shirya masa yanayin da ya dace. In aka sauya yanayin, sai ya sauka wani wuri.

A rukuni na ɗaya babu saɓani. Dukansu biyu sun sami farar laka, ta narke a ruwan zafi, ta ba da rawaya da fotasiyam kuromet. Dalma ce.

Jan ƙarfen da babu shi

Da aka sa H₂S a tataccen ruwan, su biyun sun ga abu iri ɗaya: ruwan ya yi fari-fari da farko, daga baya wata 'yar baƙar laka ta sauka. Ɗalibin ya narkar da tasa a asid naitirik mai zafi, ya gwada, ya rubuta dalma a karo na biyu. Ɗalibar ta rubuta jan ƙarfe ba tare da gwajin tabbatarwa ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce, "Malam, ai na riga na cire dalma a rukuni na ɗaya. Baƙar laka a nan kuwa jan ƙarfe aka fi samu."

Rabin maganarta gaskiya ne. Amma dalma ba ta fita gaba ɗaya a rukuni na ɗaya, kuma ba za ta taɓa fita ba. Kimanin giram 10 na kulorayid ɗin dalma (PbCl₂) ke narkewa a litar ruwa mai sanyin ɗaki, ya haura giram 30 a tafasasshen ruwa, alhali na azurfa (AgCl) bai kai miligiram 2 ba a ruwa mai sanyin ɗaki. Da ma'aunin narkewar PbCl₂ na 1.7 × 10⁻⁵ da kulorayid mol 0.3 a lita, lissafi mafi sauƙi ya nuna kusan miligiram 40 na dalma za su saura a kowace lita, a zahiri ma sun fi haka. Wannan ragowar ta ishi H₂S ya yi baƙar laka da ido zai gani. Shi ya sa sunan dalma yake cikin rukuni biyu a kowane jadawali.

Na narkar da ragowar lakarta a asid naitirik mai zafi a gabanta. Wani ɗan ƙulli mai rawaya ya taso sama ya ƙi narkewa, farar wuta ke nan. Na raba ruwan biyu. A rabi na farko na zuba amoniya har ta yi yawa: da jan ƙarfe ne, da ruwan ya koma shuɗi mai duhu wanda ba a ɓata shi da komai, amma fari-fari kawai ya yi. A rabi na biyu ɗigon asid salfurik ya kwantar da farar laka, wadda ta narke a amoniyam asitet ta kuma ba da rawaya da kuromet. Akwai ma shaidar da ta riga wannan: jan ƙarfe mai yawan da ake sawa a irin wannan samfuri yana rina ruwa shuɗi ko kore tun daga kwalba, nata kuwa rawaya-rawaya ne.

Ɗigo kaɗan na asid naitirik

Babban al'amarin yana mataki na gaba, kuma alamarsa tana rubuce da hannunta. A littafin aikinta ta rubuta cewa rawayar ruwan ta ƙaru bayan an zuba HCl, ta kuma ɓace bayan H₂S. Ta ga abin, ta rubuta shi daidai, amma ba ta tambayi kanta ina rawayar ta tafi ba.

Rawayar ta baƙin ƙarfe mai caji uku (Fe³⁺) ce. H₂S ba ya kwantar da shi a cikin asid, amma yana miƙa masa ilektiron ɗaya ya mayar da shi mai caji biyu (Fe²⁺), shi kuma H₂S ɗin ya koma farar wuta: 2Fe³⁺ + H₂S → 2Fe²⁺ + S + 2H⁺. Farin da ya gauraye ruwan ke nan, ƙullin da ya taso a asid naitirik ma ke nan. Don haka duk wanda ya shiga rukuni na biyu da Fe³⁺, da Fe²⁺ zai fito.

Bambancin waɗannan biyun a rukuni na uku ba ƙarami ba ne. Ma'aunin narkewar Fe(OH)₃, lakar da Fe³⁺ ke yi, yana wajen 10⁻³⁸, tun ruwa yana da asid, wajen pH 3, yake kwanciya (pH shi ne sikelin ƙarfin asid, ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi). Na Fe(OH)₂, lakar da Fe²⁺ ke yi, yana wajen 10⁻¹⁵ zuwa 10⁻¹⁶, kuma idan amoniyam kulorayid ya yi yawa a ruwa ba ya kwanciya sosai, wani lokaci ma ba ya kwanciya sam. Saboda haka ne tsarin ya ce kafin a taɓa amoniya a yi abu biyu: a tafasa ruwan har H₂S ya fita duka, ana tabbatarwa da takardar da aka jiƙa da asitet na dalma, wadda ke yin baƙi muddin akwai sauran iskar, sannan a ɗiga asid naitirik mai ƙarfi a sake tafasawa don Fe²⁺ ya koma Fe³⁺.

Ɗalibar ta yi na farko, ta tsallake na biyu. Ta ce ba ta ga amfaninsa ba tunda babu lakar da ake jira daga gare shi. Ta zuba amoniyam kulorayid wadatacce kamar yadda aka ce, ta bi da amoniya, sai ruwan ya ɗan yi gurɓi mai kore-kore da jirwayen ruwan ƙasa a gefen kwalba inda iska ke taɓa shi. Ta ɗauke shi datti, ta tace, ta rubuta cewa babu rukuni na uku. Da ta sa H₂S a karo na biyu, baƙin ƙarfen da ya tsallake ya sauko a matsayin FeS, baƙi ƙirin, mai yawa. A jadawalinta baƙar laka a rukuni na huɗu nikel ce ko kobal.

A nan ta yi gwajin tabbatarwa, kuma gwajin ne ya ƙara ɓatar da ita. Ta ɗebi lakar ta zuba mata ruwan HCl mai sauƙi, ta narke nan take. Ta ƙara amoniya da sinadarin DMG, wanda aka sani da gano nikel, sai ja ya bayyana.

"Malam, ja na gani da idona," in ji ta.

Na ce, "Jan a cikin ruwa yake, ko ya kwanta a ƙasa?"

Ta ɗaga kwalbar zuwa haske. Ruwan ne ja, ana hango yatsunta ta bayansa, babu abin da ya taru a gindin kwalbar. Nikel da DMG laka suke yi, ja mai haske, ƙulli-ƙulli, wadda takardar tacewa ke riƙewa. Fe²⁺ shi ma yana yin ja da DMG a ruwan amoniya, amma narkakken ja ne. Kama da wane ba wane ba ne. Tun kafin wannan ma lakar ta riga ta faɗi sunanta: salfayid ɗin nikel da na kobal (NiS da CoS), da zarar sun kwanta, ba sa narkewa a ruwan HCl mai sauƙi da sanyi, sai an haɗa musu da sinadari mai ƙarfi irin cakuɗen asid naitirik da HCl. Wannan taurin kai nasu shi ake amfani da shi a raba su da tutiya da manganis. Baƙar lakar da ta narke cikin sauƙi a rukuni na huɗu ba nikel ba ce.

Ragowar lakar muka narkar, muka tafasa da asid naitirik, rawayar da ta ɓace ta dawo. Ɗigon fotasiyam tayosayanet ya mai da ruwan ja kamar jini, fotasiyam ferosayanayid kuma ya ba da shuɗi mai duhu. Da muka sake gwajin DMG bayan an cire baƙin ƙarfen da amoniya, babu ja ko kaɗan.

Ina ganin laifin bai tsaya kan ɗalibar ba. Jadawalin da ake haddacewa yana da gurbin sinadari da gurbin launi, ba shi da gurbin matakan da ba sa haifar da laka. Tafasawa, ɗigon asid naitirik, auna ƙarfin asid, waɗannan a ƙananan haruffa ake rubuta su tsakanin layuka, ba tare da dalili ba. Ɗalibin da aka koya wa jiran launi dole ya ɗauke su ƙawa. Alhali su ne ke riƙe da tsarin gaba ɗaya.

Magnesiyam ɗin da ya bi baƙin ƙarfe

Ɗalibin ya tafasa ruwansa, ya ɗiga asid naitirik, ya ga rawaya ta dawo, ya sami laka mai launin tsatsa a rukuni na uku, ya tabbatar da ita da tayosayanet. Har nan aikinsa babu aibu. Abin da bai zuba ba shi ne amoniyam kulorayid, kuma ba mantuwa ya yi ba, yana da hujja. "Malam, ai akwai HCl a ruwan. Ina zuba amoniya amoniyam kulorayid zai samu da kansa, me zai sa in ƙara?"

Na ji daɗin wannan amsa, domin tunani ne na mai fahimtar abin da yake yi. Kuskuren na yawa ne. Aikin amoniyam kulorayid shi ne danne amoniya don kada ayon ɗin haidiroksayid ya yi yawa, kuma pH ɗin cakuɗen ya dogara ne kan rabon su biyun: idan sun yi daidai wa daida yana wajen 9.25, idan amoniya ta ninka amoniyam sau goma ya kai 10.25. Asid ɗin da ke ruwansa bai samar da amoniyam fiye da mol 0.3 a lita ba, shi kuma ya kwarara amoniya mai ƙarfi, wadda ke da kusan mol 15 a lita, har warinta ya cika teburin. Takardar gwajin pH da na tsoma a ragowar ruwansa ta nuna sama da 10.

Ma'aunin narkewar haidiroksayid ɗin magnesiyam, Mg(OH)₂, yana wajen 10⁻¹¹. A pH 9 ruwa zai iya riƙe magnesiyam har kusan mol 0.1 a lita, wato duk wanda ke cikin samfurin. A pH 10 abin da zai riƙe ya sauka zuwa kusan 0.001. Mataki ɗaya a sikelin pH ya kwashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na magnesiyam ɗinsa. Mg(OH)₂ fari ne, ya sauka tare da Fe(OH)₃, launin tsatsa ya rufe shi. Ɗalibin ya gwada lakar don baƙin ƙarfe, ya samu, bai da dalilin neman wani abu a cikinta.

Ɗan abin da ya saura ya isa rukuni na shida, kuma da an yi haƙuri da an gan shi. Gwajin magnesiyam da sodiyam fosfet yana ba da fararen ƙananan duwatsu na MgNH₄PO₄, amma idan magnesiyam ya yi kaɗan ba sa fitowa da wuri. Sai an goga cikin kwalbar da sandar gilashi, a ajiye ta ta huta, sannan a ga farin ya fara bin layukan da sandar ta karta. Shi ya ɗiga sinadarin, ya girgiza, bai ga komai ba, ya rubuta babu.

Tabbatar da wannan bai ɗauki lokaci ba. Mun narkar da ragowar lakarsa mai launin tsatsa a ruwan HCl, muka zuba garin amoniyam kulorayid, muka riƙa ɗiga amoniya sannu a hankali har warinta ya fara tashi kaɗan. Baƙin ƙarfen ya sake kwanciya shi kaɗai. A tataccen ruwan, fosfet ya ba da farar laka mai yawa tun kafin a goga sanda. Wannan narkarwa da sake kwantarwa dabara ce da ta kamata ta zama ɗabi'a, domin Fe(OH)₃ da na alminiyam, Al(OH)₃, laka ce mai yauƙi da kan riƙe wasu ayon a jikinta ko da an kiyaye pH.

Ɗalibar kuwa ta sami magnesiyam ɗinta cikakke, saboda ta cika amoniyam kulorayid. Amoniyam ɗin da ya tsare mata magnesiyam shi ne kuma ya hana Fe²⁺ ɗinta kwanciya. Da ta yi kuskuren ɗalibin a kan nata, da ta ga laka mai kore tana komawa launin tsatsa a kan takardar tacewa, wataƙila da ta gane baƙin ƙarfen, ta rasa magnesiyam.

Abin da aka sauya

Akwai masu cewa wannan hanya ta tsufa, tunda na'urorin zamani suna gano ƙarafa da dama a samfuri ɗaya cikin mintuna, da yawansu ma. Gaskiya ne, kuma babu kamfanin da zai dogara da kwalaben gwaji don sanin abin da ke cikin ruwan sha. Haɗarinta ma ba abin wasa ba ne. H₂S guba ne, kuma idan ya kai kusan kashi 100 cikin miliyan a iska yana kashe jin wari, mutum ya zaci iskar ta tafi alhali ta ƙaru. Ko daga na'urar da Petrus Kipp na ƙasar Holan ya ƙirƙira a 1844 aka samo shi, ko daga sinadarin tayo'asitamayid da wurare da yawa suka koma gare shi, wanda shi ma ana zarginsa da haddasa sankara, ba a yin aikin sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Duk da haka ban san wani aiki na awa uku da ke tilasta wa ɗalibi haɗa ma'aunin narkewa, pH da musayar ilektiron a kwalba ɗaya kamar wannan ba, kuma ba zan so a cire shi daga manhaja ba.

An ba kowannensu sabon kaso na samfurin a mako na gaba, dukansu suka kawo dalma, baƙin ƙarfe da magnesiyam. An kuma gyara takardar aikin ajin. Yanzu ba a karɓar sunan ƙarfe a rahoto sai da gwajin tabbatarwa a gefensa, da bayanin ko launin da aka gani na ruwa ne ko na laka. Bayan ɗigon asid naitirik, ɗalibi zai ɗebi ɗigo ɗaya ya gwada da fotasiyam ferisayanayid, idan shuɗi mai duhu ya fito akwai sauran Fe²⁺, sai ya ƙara asid ya sake tafasawa. Kafin H₂S na farko da kuma kafin a tace rukuni na uku, sai an rubuta pH da aka auna da takarda: kusan 0.5 a na farko, kusan 9 a na biyu.